Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ganuwa da Kufai a Zariya da Ƙaramar Kyamara

Ginin ƙasa yana da wuyar sha'ani a hoto. Mutum zai tsaya gaban ganuwar Zazzau, ya ga girmanta da idonsa, ya ɗaga waya ya danna. In ya koma gida ya duba, sai ya tarar da tudun jar ƙasa da ciyawa da baƙar leda, babu abin da zai nuna wa wani ya yarda cewa wannan ce katangar da ta kewaye birni. Da yawa sukan ɗora wa kyamara laifi, alhali ba ruwanta. Kangon dutse irin na Masar ko Rum yana da kusurwa da ginshiƙai, ko da wane haske aka ɗauke shi zai fito. Namu kuwa ruwan damina ya daɗe yana cinsa, gefunansa sun mulmule, launinsa ɗaya da ƙasar da yake tsaye a kai. Inuwa ce kaɗai ke raba shi da ƙasa, ita kuwa inuwa lokaci ke ba da ita. Don haka wayar da ke aljihunka, ko 'yar ƙaramar kyamarar hannu, ta ishe ka aikin muddin ka bi shi daki-daki.

Mataki na 1: Ka san abin da za ka je ɗauka

Ganuwar birnin Zariya kewayenta ya haura kilomita 14, kuma al'ada ta danganta ta da Sarauniya Amina. Ba za ka same ta a tsaye gaba ɗaya ba. Wani wuri ta koma dogon tudu, wani wuri gidaje sun hau kanta, wani wuri an kwashe ƙasar an yi gini da ita. Tsofaffin ƙofofinta su ne Ƙofar Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Tukur-Tukur, Jatau da Galadima. Wasunsu an sake gina su da siminti, saboda haka kada ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ka gama. Tsohon abin yana gefe, sai ka taka da ƙafa ka bi layin katangar.

Yamma da birni, kusa da Wusasa, akwai Dutsen Kufena, tsohon mazauni ne mai ragowar tasa ganuwar. Kudu kuma, a ƙaramar hukumar Igabi, akwai Turunku, inda tarihin baka ya ce daga nan sarautar Zazzau ta taso a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536. Sai gine-gine biyu da ba kufai ba ne amma duk mai son aikin ƙasa ya kamata ya gan su: tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda aka lulluɓe da sabon gini a shekarun 1970, da kuma cocin Wusasa na 1929 da aka yi da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa.

Shawarata ka fara da ganuwa, kuma ɓangare ɗaya tak, misali tsakanin ƙofa biyu da ke maƙwabtaka. Wanda ya ce zai haɗa ganuwa da Kufena da Turunku a yini ɗaya, akasarin hotunansa da rana tsaka zai ɗauke su, lokacin da babu abin kirki da ke fita.

Mataki na 2: Zuwan farko na gaisuwa ne

Ka je wurin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar aiki, kyamara tana aljihu. Abu biyu za ka yi: ka ga ta ina rana ke fitowa da faɗuwa, ka kuma nemi izini. Ganuwa a cikin unguwanni take, bayan gidajen mutane, kusa da gonakinsu da maƙabartunsu. Baƙon da aka gani yana zagaye da kyamara ba sallama, za a ɗauka mai auna fili ne ko wani abin da ya fi haka.

Ka nemi dattawan da ke zaune a ƙofar gida ko bakin masallaci, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaisa sosai, sannan ka ce: "Baba, hoton tsohuwar ganuwa nake so in ɗauka don tarihi. Wa ya kamata in gani?" Galibi za a haɗa ka da yaro ya kai ka wurin mai unguwa. Shi ma ka faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo ka: "Ranka ya daɗe, ba gidan kowa zan ɗauka ba, katanga kawai." Da ɗan gari akan ci gari. Wanda aka haɗa ka da shi zai nuna maka inda katangar ta fi tsayi, da inda ba a takawa saboda kabari ne, abin da taswirar waya ba za ta gaya maka ba. In an gama ka sallame shi da abin da ya sawwaƙa.

Kufena da Turunku kuwa, ka tambayi 'yan yankin halin da hanya take ciki a makon da za ka je, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka sauko kafin magariba. Zariya gari ne mai barikin soja da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, don haka kada ka juya kyamara wajen shingen jami'an tsaro, kada kuma ka tashi jirgi marar matuƙi ba da izini ba.

Mataki na 3: Lokaci, wanda shi ne rabin aikin

A Zariya rana tana fitowa tsakanin ƙarfe shida da 'yan mintoci zuwa bakwai saura, gwargwadon watan da ake ciki, ta faɗi tsakanin shida da bakwai na yamma. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, tana miƙewa sama da sauri. Hasken da kake nema bai fi na awa ɗaya da rabi ba da safe, da kamar haka da la'asar sakaliya. Da hantsi ya dubi ludayi, an gama. Ma'ana ka yi asuba ka fita, fitowar rana ta same ka a tsaye a wurin da ka riga ka zaɓa.

Dalilin shi ne, in rana tana ƙasa-ƙasa haskenta yana gogar fuskar katanga ta gefe, sai kowane ɗan tudu ya jefa inuwa, kowane rami ya yi duhu. Kamar yadda ake karkata tsohon kwabo a bakin taga kafin a ga rubutun da ya goge ne. Da rana tsaka kuwa hasken daga sama yake zubowa, ya shafe komai, jar ƙasa ta koma fari-fari.

Kada ka sa rana a bayanka sosai, kamar yadda masu hoton biki ke koyarwa. Ka sa ta a kafaɗarka ta dama ko ta hagu, ka dubi katangar ta tsawonta. Ka gwada da kanka: ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauka, ka yi taku goma ka zagaya ka sake ɗauka, ka kwatanta. Za ka ga zanen da ruwa ya yi a jikin ƙasa ya fito a ɗaya, ya ɓace a ɗayan.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba rana tana fitowa ta ɗan karkata arewa, ta faɗi ma haka. Daga Oktoba zuwa Maris kuma kudu take karkata. To fuskar katangar da ke kallon arewa, irin bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Doka, da damina ne take samun hasken gefe safe da yamma, da hunturu kuwa yini take a inuwa. Wadda ke kallon kudu akasin haka. In ka je wuri ka tarar da shi a inuwa, ka rubuta, ka dawo masa a watan da ya dace.

Kowane yanayi da abin da yake bayarwa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana cinye nesa, sama ta yi fari fat, in ka hau Kufena ba za ka ga birni da kyau ba. Amma hasken yana da laushi, kuma kuka da rimi suna fitowa baƙi a cikin hazon, abin sha'awa. Da bazara ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, siffar katanga tana fili, sai dai zafi da ƙura. A watan Agusta da Satumba ciyawa ta rufe komai, ga macizai, ga santsi. Ƙarshen Oktoba sama tana yin shuɗi mai kyau amma ciyawar tana nan. Ni dai a wurina babu kamar watan Mayu zuwa farkon Yuni, safiyar da aka kwana ana ruwa: iska ta wanku, ƙasa ta jiƙe ta yi ja sosai, ciyawa kuma ba ta wuce idon sawu ba.

Mataki na 4: Saita kyamara

Tun daga gida ka cika batir, ka share wuri a waya ko katin memori, ka zaɓi girman hoto mafi girma da na'urar ke iya ɗauka. Ka goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, bayan ka hure ƙurar da ke kai, don in ka goga da ƙura a kai za ka karce shi. Da hunturu ka riƙa mayar da kyamara cikin leda mai zif tsakanin ɗauka da ɗauka, kuma in mai canjin gilashi ce kada ka buɗe ta a fili.

In waya ce, ka kunna layukan nan da ke raba fuskarta gida tara. Ka tsaya a kan 1x, wato yadda kyamarar ke buɗewa ba a jawo hoto ko an faɗaɗa shi ba, domin ita ce kyamarar da ta fi kyau a yawancin wayoyi. 0.5x tana lanƙwasa gefuna tana ƙanƙantar da katanga. Jawo hoto da yatsu biyu kuwa yanka shi kawai yake yi, ya bar maka dishi-dishi, gara ka matsa da ƙafa. Ka taɓa jikin katangar a fuskar wayar, alamar rana za ta fito, ka ja ta ƙasa kaɗan har jan ƙasar ya nuna sosai kuma sama ba ta ƙone ba. Ka kashe filasha da duk wata filta, musamman mai gyaran fuska, saboda tana sulɓe jikin ƙasa ta shafe abin da ka zo nema.

In kyamara ce mai saiti, ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 ko 200. Ka rage haske da maɓallin nan mai alamar +/- zuwa -0.3 ko -0.7. Buɗewar ido f/8 ta yi daidai a babbar kyamara, a ƙaramar ta aljihu kuwa f/4 zuwa f/5.6 ya fi kaifi. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa in a hannu kake riƙe. Saitin launi ka ɗauke shi daga na kai-tsaye ka sa a kan alamar rana, domin in ka bar wa kyamara zaɓi, takan ga jan ya yi yawa ta rage shi, katanga ta fito toka-toka.

Mataki na 5: Nesa, tsakiya, kusa

Kowane wuri ka ɗauke shi hawa uku. Na farko daga nesa, inda za a ga katangar da abin da ke kewaye da ita: hanya, gidaje, gona, bishiya. Ka bar layin ganuwar ya shigo daga kusurwar ƙasa ya miƙe zuwa ciki, ido zai bi shi ya ji tsawonsa. In sama fara ce ba gajimare, ka rage ta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na hoton.

Na biyu daga tsakiya, kuma a nan ne ake buƙatar ma'auni. Tudun ƙasa shi kaɗai a hoto ba a sanin ko ƙafa uku ne ko ashirin. Ka roƙi abokin tafiyarka ya tsaya a gindin katangar, daf da ita, ba kusa da kai ba. Ko ka jira mai keke ko garken awaki su gifta. Ka durƙusa ka ɗauka daga tsayin gwiwa, katangar za ta rabu da gidajen da ke bayanta ta hau sama. Sai dai ka kula, in ka ɗaga kan kyamara sama, ƙofa ko soro sai su yi kamar za su faɗi baya. Maganinsa ka ja da baya, ka riƙe wayar a miƙe, daga baya ka yanke ƙasan da ya yi yawa.

Na uku shi ne na kusa, kuma shi na fi ƙauna. Ka matsa har tazarar kamu biyu. A inda katanga ta tsage ko aka sare ta don fitar da hanya, ka duba cikinta. Za ka iya ganin ƙasar hawa-hawa, wata ta fi wata ja, da tsakuwa, da ɗan tsingaro ya leƙo da bakinsa, da saiwar bishiya ta ratsa, da hanyar gara, da ramin ƙadangare. A kangon gida kuma za ka ga tubali a jere, kowanne da faɗin gindi da tsinin kai, da guntun azara baƙi ya fito daga inda rufi ya rufta, wani lokaci da sauran shafen makuba a maƙale. Ka ajiye biro ko 'yar rula a gefe don ma'auni, ka ɗauki ɗaya da ita, ɗaya babu. Ka riƙe numfashi lokacin dannawa, ka ɗauki uku, ɗaya zai fi kaifi.

Batun shara fa? Gaskiya ita ce wurare da dama na ganuwar sun zama juji, abin yana ci mini rai. Babu laifi ka tsince ledar da ke gabanka don hoto ya yi kyau, alheri ma ka yi. Amma ka fara ɗaukar wurin yadda ka same shi. Kada kuma ka sa manhaja ta goge maka sharar ko ginin bulo da ya hau kan katanga. Wanda zai duba hoton nan da shekara 30 yana da haƙƙin ya ga halin da muka bar ta.

A kan dutse da cikin duhu

Da yake Kufena tana yamma da birni, in daga ƙasa kake son ɗaukar dutsen ta ɓangaren gari, safiya ce taka. In kuwa hawa za ka yi ka ɗauki Zariya daga sama, sai da la'asar, lokacin da rana ta koma bayanka. Daga sama ne ake gane layin tsohuwar katanga a cikin gonaki, wanda in kana tsaye a kansa ba za ka lura ba. Ka sa takalmi sawu-ciki mai riƙe dutse, ka rataya kyamara a wuya don hannayenka su zama a sake, ka ɗauki ruwa. Dutsen yana zafi da rana, yana santsi bayan ruwa. Kada ka saita kyamara cikin tsakar gidajen da ke ƙasa, akwai iyalan mutane.

Cikin tsohon masallaci ko wani zaure mai bakan gizo, sai da izinin masu kula da wurin, ba lokacin salla ba, kuma ba filasha. Filasha tana dukan gini ta gaba ta kashe zanen da ke jikin ginshiƙai. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya isa in kyamara ba ta motsa ba, domin duk abin da ya gaza 1/30 a hannu zai yi rawa. Ba sai ka sayi sanda mai ƙafa uku ba. Ka cika safa da gero ko shinkafa ka ɗaure bakinta, ka ɗora kyamara a kai, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 ko 3, ka danna ka janye hannu. ISO kada ya wuce 400. Don ɗaukar rufi, ka kwantar da wayar a ƙasa tana kallon sama a daidai inda bakunan suka haɗu, ka sa jinkirin daƙiƙa 10, ka matsa gefe.

Abin da ba a yi

Kada ka hau kan katanga don neman wurin tsayuwa. Duk sawun da ka bari hanyar ruwa ce a damina mai zuwa. Kada ka zare tsingaro ko ka ɗauke dutsen niƙa ka kai gida, domin da zarar ya bar inda yake, rabin bayaninsa ya tafi. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izininta ba. In ka ga abin da ya ba ka mamaki, ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka kai wa malaman sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Mutum kuwa, babba ko yaro, sai ka tambaya kafin ka ɗauke shi, in ya ce a'a ka ce na gode.

Mataki na 6: Bayan ka dawo

A daren ranar, tun ba ka manta ba, ka zauna ka sa wa hotunan suna: wuri, kwanan wata, da inda ka fuskanta. Misali "Ganuwa, kusa da Ƙofar Gayan, ina kallon gabas", sai ranar. In ka kunna alamar wuri a kyamarar waya tun farko, ita za ta adana maka inda ka tsaya. Abin da dattawa suka gaya maka ka rubuta shi daban, ka nuna cewa ji ka yi, kada ya gauraya da abin da ka gani.

Gyara kaɗan ya isa: ka miƙar da hoton in ya karkace, ka ɗan buɗe inuwa, ka rage hasken sama. Kada ka ƙara launi har ƙasa ta koma kalar lemo. Ka yi gyaran a kan kwafi, na asali ka bar shi. Ka ajiye a wuri biyu, kwamfuta ko filas da kuma intanet. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya zubar da ƙananan abubuwan da ka sha wahala a kansu.

Sai ka zaɓi wuri biyu ko uku da za ka riƙa komawa. Ka sami alamar da ba ta gushewa, kamar gindin kuka ko turken lantarki, ka jingina da ita ka ɗauka a watan Afrilu kafin ruwa, ka sake ɗauka daga nan ɗin a watan Nuwamba, da 1x, da tsayi ɗaya, a sa'a ɗaya. In ka jera su za ka ga abin da damina ɗaya ta ci da abin da masu ɗibar ƙasa suka kwashe, kuma irin wannan hoton ne za ka iya ajiyewa gaban mai unguwa ko hakimi a yi magana a kansa. In za ka koma, ka wanke biyu ko uku a takarda ka kai wa dattijon da ya fara nuna maka hanya, da na yaron da ya tsaya maka a gindin katanga.